Tambayoyinku: Rubutu da Waya Mai Madannai

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya: waya mai madannai na gaske, waɗanda yatsa ke jin sun nutsa idan ya danna, ba hoton madannai a kan gilashi ba. Mafi yawan masu tambayar marubuta ne, masu labarin da ake bi shafi-shafi a WhatsApp da Facebook, sai 'yan jarida da malaman da ke shirya darasi a waya. Mun taƙaita tambayoyin, waɗanda suka yi kama da juna kuma mun haɗe su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina rubuta labari a waya, kullum nakan saki shafi mai kalmomi wajen dubu biyu. Kurakurai sun ishe ni, rabin lokacina a gyara yake ƙarewa. Idan na sayi waya mai madannai zan ƙara sauri? Daga wata marubuciya, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Batun sauri kam, kada ki sa rai da yawa. A 2019 masu bincike daga jami'ar Aalto ta Finland, da Kambirij ta Ingila, da ETH ta birnin Zurich sun auna saurin rubutun mutum wajen 37,000 a waya. Matsakaicin sauri ya kama kalma 36 a minti, masu amfani da manyan yatsu biyu suka kai 38, alhali a babban kibod na kwamfuta ana samun 52. Wato gilashi bai yi lalacewar da ake zato ba, kuma ƙananan madannai na waya ba za su kai ki matakin kwamfuta ba, tunda dai da yatsu biyun nan za ki ci gaba da aiki.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Da Turanci aka yi gwajin, kuma abin da ya fi taimakon masu saurin shi ne gyaran da waya ke yi wa kalma da kanta. Mai rubuta Hausa ba ta cin wannan moriya yadda ya kamata. Idan kibod ɗin yana kan Turanci ma, cutar da ita yake yi: ta rubuta "sai" ya mayar mata "said", ta rubuta "wani" ya ce "want" take nufi. A nan madannai ke da rana. A gilashi, taɓawa ita ce dannawa, yatsa na sauka harafi ya fito, ko daidai ko kuskure. A kan maɓalli kuwa yatsa yana fara jin gefensa da tudunsa, ya tabbatar a kan wanda yake so yake, sannan ya danna. Bayan mako biyu ko uku hannu ya haddace wurare, ido ya koma kan jimla maimakon kan yatsu. Ribar ke nan: kuskure ya ragu, hankali ya tsaya wuri ɗaya. A kwanakin farko kuwa saurinki raguwa ma zai yi, kada wannan ya karya miki gwiwa.

Yi lissafi da kanki. Kalma 2,000 a kan saurin 30 a minti awa ɗaya ce da minti bakwai. Idan shafin yana cin miki awa uku, to awa biyun ba a yatsa suke tafiya ba, a tunani da gyara suke tafiya, kuma gyaran kaɗai waya za ta iya rage miki. Don haka kafin ki kashe ko kwabo, shiga saitunan Gboard, wato manhajar kibod ta Google, ki ƙara Hausa cikin harsuna, sannan a sashen Text correction ki kashe Auto-correction. Yi mako guda a haka. Mutane da dama a nan matsalarsu ke ƙarewa.

TAMBAYA: Ina da tsohuwar BlackBerry Classic a ajiye, kuma an yi mini tayin KEY2 ta hannu. Wacce zan riƙe don rubutu? Ko akwai sababbi da ake ƙerawa yanzu? Daga wani ɗan jarida, Kaduna.

AMSA: Malam, suna ɗaya suke amsawa amma ba ɗaki ɗaya suka fito ba. Classic ta 2014 ce, tana aiki da tsarin kamfanin na kansa, BlackBerry 10. WhatsApp ya daina tallafa wa wannan tsari a ƙarshen 2017, kuma ranar 4 ga Janairu 2022 kamfanin ya rufe hidimomin da tsofaffin wayoyinsa ke dogaro da su, har ya ce ko kira da saƙon tes ba ya ba da tabbacin za su ci gaba da aiki. Madannanta har gobe suna cikin mafi daɗi da aka taɓa yi. Idan abin da kake so tafireta ce ta aljihu, ka rubuta ka kwashe ta igiyar USB ko katin memori, za ta yi, kuma babu saƙon da zai shigo ya katse ka. Amma ɗan jarida mai aika rahoto daga wurin da abu ya faru ba zai dogara da ita ba.

KEYone ta 2017 da KEY2 ta 2018 kuwa Android ne. Kamfanin TCL na China ne ya ƙera su da lasisin sunan, lasisin kuma ya ƙare a watan Agustan 2020. Dukansu a Android 8.1 suka tsaya, an kuma daina tura musu facin tsaro shekaru da suka wuce. WhatsApp yana buɗewa, Google Docs da sauran manhajojin rubutu masu sauƙi ma haka, amma Chrome ya daina aika sabon zubi ga Android 8 da 9 a 2025, kuma manhajojin banki ɗaya bayan ɗaya suke janye jiki daga tsofaffin wayoyi. Hukuncinmu: KEY2 ta dace da waya ta biyu, ta rubutu zalla. Kada ka zuba mata asusun banki ko sirrin majiyoyinka.

Idan ka yanke za ka saya, kada ka biya sai ka zauna da ita minti ashirin. Buɗe wurin rubutu ka danna kowane harafi sau goma, ka ga ko akwai mai tsallakewa ko mai fitowa biyu-biyu. Maimaita tare da Alt don lambobi da alamomi, ka gwada Shift da Sym. Dogon maɓallin tazara ka danna shi a hagu, a tsakiya, a dama, domin shi ne ya fi saurin gajiya a KEY2, kuma a cikinsa na'urar karanta zanen yatsa take. Shafa yatsa a kan madannan sama da ƙasa, shafi ya kamata ya motsa. KEY2 LE ce kawai ba ta da wannan tun daga masana'anta. Rufe madannan da tafin hannu ka leƙa, ka ga ko fitilarsu na kamawa ko'ina. Sannan ka kwantar da wayar a kan tebur ka dubi gefen gilashin. Rukunin farko na KEYone sun yi suna wajen ɗagowar gilashi saboda ƙarancin gam, amma a waya mai shekara bakwai ko takwas, gilashi ko murfin baya da ya ɗago yawanci batir ne ya kumbura yake turo shi. Wannan ba a cinikinsa, ajiye musu kayansu. Batirin KEY2 3,500 mAh ne yana sabo, kuma a rufe yake cikin jiki. Kunna bidiyo na kwata ɗin awa, idan caji ya sauka da kashi goma cikin ɗari ko fiye, saka kuɗin sabon batir cikin lissafinka. Sa layinka ka ga 4G ta hau, domin wasu samfuran an yi su ne don layukan Amurka: a KEYone, BBB100-2 ita ce ta Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka, BBB100-3 kuwa ka guje ta. Daga ƙarshe a wanke wayar a gabanka, wato a goge duk abin da ke cikinta, ta tashi ba tare da ta nemi asusun Google na tsohon mai ita ba.

Sababbi akwai, amma ba yawa. Kamfanin Unihertz na Shanghai ya fitar da Titan a 2019, ƙatuwa mai nauyin giram 303 da batir 6,000 mAh, sai Titan Pocket a 2021 mai fuska inci 3.1, wadda ta yi ƙanƙanta ga dogon rubutu, sai Titan Slim a 2022, sannan Titan 2 a 2025 mai Android 15 da 5G. Fuskar Titan 2 inci 4.5 ce, tsawo da faɗi daidai. Ga rubutu wannan alheri ne, layi yana da faɗi; ga manhajojin da aka tsara wa doguwar fuska kuwa, wani lokaci sai ka nemi maɓallin "aika" ka rasa, ya ɓuya a ƙasa. Akwai kuma Clicks, wanda ya fito a 2024: riga ce ta waya mai madannai a gindi, ana zura wayar a ciki ta haɗu ta ramin caji, ba batir ba Bluetooth. Kowace riga samfurin waya ɗaya take shiga, kuma tana ƙara wa wayar tsawo har kai ya rinjayi gindi. Abin da za ka riƙe game da dukansu shi ne kayan gyara. Gilashin Tecno ko Samsung ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko Computer Village a Legas ka fito da shi a ranar. Madannan Titan sai an yi oda daga waje an jira makonni.

TAMBAYA: Na sayi waya mai madannai, ina jin daɗinta, amma na rasa yadda zan rubuta ɓ da ɗ da ƙ. A tsohuwar wayata riƙe harafin kawai nake yi su fito. Ɗalibaina kuma ba na son su saba da Hausa marar ƙugiya. Daga wani malamin Hausa, Zariya.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya yi kafin ya biya kuɗi, kuma mai sayarwa ba zai ɗauko maka zancenta ba. Dalilin matsalar biyu ne. A wayoyin BlackBerry, riƙe harafi babban baƙi yake bayarwa. A wasu wayoyin kuma riƙewar tana buɗe ɗan akwatin zaɓi, amma haruffan harsunan Turai ne a ciki, masu ɗigo da wutsiya, ba namu masu ƙugiya ba. Barin ƙugiyar kuwa, kamar yadda ka fi mu sani, ba ƙaramin abu ba ne: baki ba baƙi ba ne, fada ba faɗa ba ce, kuma wanda ya kafa ba ƙafa ya yi ba.

Hanya mafi sauƙin faɗa ita ce a bar kibod na gilashi yana fitowa tare da na gaske. Shiga Settings, sai System, sai sashen harsuna da kibod, sai Physical keyboard, ka kunna zaɓin nuna kibod a fuska. Duk inda ka zo ƙugiya sai ka ɗaga yatsa ka ɗauko ta. Yana aiki, amma a fuska inci huɗu da rabi layi uku ko huɗu ne za su rage maka, kuma a Hausa da wuya a yi jimla biyu babu ƙugiya. Ya isa ga saƙon layi biyu. Ga darasi guda, wahala ce.

Ta biyu ita ce ƙamus na kanka. A Gboard akwai Personal dictionary, a iPhone kuma Text Replacement: ka koya wa wayar cewa idan ka rubuta "daya" to "ɗaya" kake nufi. Kalma-kalma yake aiki, ba harafi-harafi ba, don haka ka zuba masa kalmomin da ba su da tagwaye: ɗaya, huɗu, waɗanda, ƙarshe, ƙungiya, ɓangare, ƙoƙari. Kada ka sa masa kasa da ƙasa ko bata da ɓata, zai riƙa sa ƙugiya inda ba a gayyace ta ba. Kalma hamsin da ka fi yawan amfani da su za su ɗauke maka kaso mai tsoka. Akwai kuma manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, wadda ke da tsare-tsaren kibod na Hausa kuma tana karɓar madannai na zahiri a Android. Da cikakken kibod na waje ta fi dacewa. A ƙananan madannan waya, gwada lambobi da alamomin da ke kan Alt bayan ka ɗora ta, domin canza manhajar kibod kan rikita su.

Wadda muka fi ba dogon marubuci shawara ita ce ta uku, kuma ba ta buƙatar saukar da komai. Rubutun boko na Hausa ba ya amfani da q da v da x, suna nan zaune a kan madannai ba aikin fari ba na baƙi. To ba su aiki: q ta tsaya wa ƙ, v ta tsaya wa ɓ, x ta tsaya wa ɗ. Za ka rubuta "xaya daga cikin qasashen da suka vata", dannawa ɗaya ga kowane harafi, hannu bai tsaya ba. Idan ka gama, ka buɗe Find and replace ka musanya su gaba ɗaya. Zagaye shida ne: uku na ƙananan baƙaƙe, uku na manya, Ƙ da Ɓ da Ɗ. Ajiye haruffan shida a wani ɗan fayil ka riƙa kwafowa. Aikin minti biyu ne ko da rubutun shafi ashirin ne.

Wurare uku ake tuntuɓe. Na farko, sai ka kunna Match case, wato bambance babban baƙi da ƙarami. Word yana da shi. Idan manhajarka ba ta da shi, duk sunan da ya fara da Ƙ zai koma ƙaramin baƙi. Maganinsa ka riƙa rubuta babban da harafi biyu, qq, kuma shi za ka fara musanyawa kafin q tilo, in ba haka ba ka tashi da ƙƙ. Na biyu, sunayen waje: Qatar za ta koma Ƙatar, Xiaomi ta koma Ɗiaomi. Idan rubutunka ya cika da irinsu, ɗauki q kaɗai ta zama alama a bayan harafi, wato bq da dq da kq. Dannawa biyu ce, amma da wuya ta ci karo da wata kalma. Na uku, kada ka yi amfani da tsohuwar dabarar b' da d' da k' idan musanyawa za ka yi. Mutane da yawa suna rubuta "bid'a" da "sab'in", kuma na'ura ba ta san hamza ba ce, za ta ba ka "biɗa" da "saɓin". Ga shi kuma a madannan BlackBerry alamar tana kan Alt da K, dannawa biyu kafin ma a zo harafin.

Idan za ka buga wa ɗalibai a takarda, zaɓi salon rubutu mai ɗauke da ƙugiyoyin, kamar Noto Sans ko Charis ko Andika, ka mayar da fayil ɗin PDF tun a wayarka. In ka kai shi shagon buga takardu a buɗe, kwamfutarsu na iya sauya salon, ƙugiyoyin su fito akwati-akwati ko su bambanta da sauran haruffa.

TAMBAYA: Na sayi kibod na Bluetooth don in haɗa da wayata. Idan na danna A sai Q ta fito, in na danna M wata alama ce ke fitowa. Ya lalace ne? Daga wata malamar makaranta, Maraɗi.

AMSA: Lafiyarsa ƙalau, Malama. Kibod ɗinki jerin Faransanci ne, wanda layin sama ke farawa da AZERTY, wayar kuma ta ɗauka na Ingilishi ne mai QWERTY. Kibod ba harafi yake aikawa ba, lambar gurbin maɓalli yake aikawa, wayar ce ke fassarawa. Yana haɗe, ki shiga saitunan Physical keyboard, ki taɓa sunansa, ki zaɓi jerin Faransanci. Ki tuna a wannan jerin sai an haɗa da Shift lambobi ke fitowa. Game da ƙugiya, dabarar q a bayan harafi da muka ba Malam na Zariya ita ta fi dacewa da ke, tunda rubutun Nijar ba ya rabuwa da sunayen Faransanci masu v da x, kuma kina buƙatar ƙugiya ta huɗu: yq ta tsaya wa ƴ, inda 'yan Najeriya ke rubuta 'y. Kada ki ce za ki yi amfani da yy, "niyya" da "soyayya" za su tafi da ita. Zagayenki takwas ne maimakon shida.

Tunda zancen ya zo, bari mu faɗi abin da masoya ƙananan madannai ba sa son ji. Duk wanda zai zauna wuri ɗaya ya rubuta fiye da kalma dubu, kibod irin naki ya fi masa kowace waya mai madannai, kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinta ba a mafi yawan lokuta. Yatsu goma ne ke aiki, wayar da ke hannunka ce mai sabon tsari, ga Ctrl da C, Ctrl da V, Ctrl da Z duk suna aiki. Irin su Logitech K380 batir AAA biyu suke ci, su yi watanni. Ko tsohon kibod na kwamfuta mai igiya ma zai yi, da 'yar mahaɗar OTG, sai dai yana shan cajin waya. Waya mai madannai tana cin gasa ne a inda babu tebur: cikin mota, a layin asibiti, a tsaye a wurin taro.

TAMBAYA: Tun shigowar hunturu wasu haruffa sai na danna da ƙarfi, E kuma biyu-biyu take fitowa. Wani ya ce in ɗiga fetur. Daga wani ɗalibi, Sakkwato.

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka kuskura. Fetur da kananzir suna cin roba da gam, man keke kuma ƙura yake tarawa. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai shimfiɗar roba, ƙarƙashinta akwai ɗan faifan ƙarfe mai tudu kamar murfin kwalba, ƙarami ƙwarai. Idan ka danna, tudun ya lotsa ya taɓa allon da ke ƙasa, wannan ce 'yar ƙarar da kake ji. Ƙurar hunturu da gumi da maiƙon hannu suna haɗuwa su zama dauɗa. In ta tsaya a gefen maɓalli, sai ya yi tauri. In ta kai ga faifan, taɓawar ba ta zama cikakkiya, ta haɗu ta rabu ta sake haɗuwa cikin ƙiftawar ido, wayar ta ƙirga biyu.

Kashe wayar. Kifa ta, madannai suna kallon ƙasa, ka goge tsakaninsu da busasshen buroshin haƙori mai laushi, domin ƙurar ta zubo maimakon ta ƙara shigewa. Hura da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran agogo, ba da baki ba, numfashi yana da danshi. Sannan ka samo sifirit na masu gyaran waya, isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, ka jiƙa bakin buroshin da ɗigo biyu ko uku. A buroshi ake ɗigawa, ba a waya ba. Goga gefen maɓallin, ka danna shi sau talatin, ka bar wayar a kife minti goma sha biyar kafin ka kunna. Kada ka sa allura ka ɗaga maɓalli. A yawancin wayoyin nan manne suke da shimfiɗar, in ɗaya ya ɓalle ba ya komawa.

Idan ninkin bai daina ba kuma wayar tana da Android 15, a saitunan Physical keyboard akwai Bounce keys, wanda ke sa waya ta yi watsi da dannawa ta biyu idan ta biyo da sauri. Ga E zai taimaka, amma ka lura Hausa cike take da baƙaƙe masu ninki, "hannu", "babba", "sannu", kuma zai riƙa haɗiye na biyun idan kana sauri. Maganin wucin gadi ne.

Wata alama kuma ta daban ce: idan layi guda ne ya mutu gaba ɗaya, ko haruffan da ke jere daga sama zuwa ƙasa, ba ƙura ba ce. Maɓallan suna raba wayoyin lantarki ne layi-layi, don haka siririyar igiyar da ke haɗa madannai da babban allo ce ta saki ko ta tsage. Mai gyara ya fara cire ta ya mayar kafin a yi zancen sayen sabuwa. Shi ma ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinta.

TAMBAYA: Ina cikin rubuta dogon shafi a WhatsApp na danna Enter don in sauka layi, sai ya tafi guruf rabi da rabi. Wata rana kuma waya ta mutu, komai ya ɓace. Daga wata marubuciya, Gombe.

AMSA: Na farkon gyaransa sauƙi ne, 'yar'uwa. A WhatsApp shiga Settings, sai Chats, ki kashe Enter is send. A manhajojin da ba su da wannan zaɓi, Shift tare da Enter yawanci yana saukar da layi ba tare da ya aika ba. Na biyun kuwa laifin wurin rubutun ne. Akwatin saƙo ba littafi ba ne, ba ya ajiye tarihin gyara, kuma dabarar musanya ƙugiya ba ta yiwuwa a cikinsa. Rubuta a Google Docs, ki kunna wa fayil ɗin zaɓin aiki ba intanet; yana adanawa da kansa, in data ta dawo ya tura kwafi. Ko ki yi amfani da manhajar rubutu zalla kamar Markor. Kowane babi fayil ɗinsa, mai lamba a gaba, 01, 02, don su jeru. Rubutu ba ya cin data: kalma dubu ba ta wuce kilobait shida ko bakwai, littafi sukutum bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Ki tura wa kanki kwafi ta imel duk dare.

KEYone da KEY2 ba su da maɓallin Ctrl a rubuce, amma a saitunan kibod ana iya mayar da Shift na dama a KEYone, ko maɓallin alamar kuɗi a KEY2, ya zama shi. Daga nan kwafa da liƙawa sun zama dannawa biyu.

TAMBAYA: Gindin babban yatsana yana zafi idan na daɗe ina rubutu. Madannan ne? Daga wani mai karatu, Kumasi.

AMSA: Suna da hannu, Malam, domin maɓalli yana buƙatar ƙarfin da gilashi ba ya buƙata, kuma Turawa har suna suka ba wannan ciwo da sunan BlackBerry a zamanin da take tashe. Jijiyoyin da ke bin gefen wuyan hannu zuwa babban yatsa ne ke kumbura saboda maimaita motsi ɗaya. Riƙe wayar da hannu biyu, nauyinta a kan sauran yatsu, gwiwar hannu a jingine, ka danna da tsokar yatsa ba da farce ba. Duk minti ashirin ka ajiye ta ka buɗe tafin hannu na minti biyu. Dogon rubutu ka mayar da shi kan babban kibod. Idan zafin ya wuce mako biyu, ko ka ga kumburi, ko yatsan ya fara sagewa, je asibiti a duba.

TAMBAYA: Me ya sa idan na aika tes da Hausa mai ƙugiya ake cire mini kuɗin saƙo biyu ko uku? Daga wani sakataren ƙungiya, Katsina.

AMSA: Ba cuta ba ce, Malam, tsarin tes ne. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 muddin duk haruffan suna cikin ainihin jerin GSM, kuma ɓ da ɗ da ƙ ba sa ciki. Da zarar ƙugiya ɗaya ta shiga, saƙon gaba ɗayansa yana komawa wani tsarin da ke ɗaukar harafi 70 kacal, in kuma ya rabu gida-gida kowane gida 67. Sanarwar taro mai harafi 150 ke nan ta zama saƙo uku. Idan mutum ɗari biyu za ka aika wa, ko dai ka sake jimlar da kalmomin da ba su da ƙugiya, ko ka aika ta WhatsApp, inda ba a wannan lissafi.